BABI NA UKU: RAYUWAR YAU DA KULLUM TA MASU SANA'O'I A ƘASAR KANO DAGA ƘARNI NA 19 ZUWA YAU

3.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an kawo tarihin kafuwar Kano da bunƙasarta. A wannan babi kuwa za a dubi yadda masu sana'o'i daban-daban suke tafiyar da yininsu, tun daga asuba har zuwa lokacin kwanciya, da kuma yadda wannan tsari ya sauya bayan zuwan Turawa a shekarar 1903. Dalilin yin haka shi ne, mafi yawan abin da aka rubuta na tarihin ƙasar Hausa ya fi karkata ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1908, ya jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya da abin da kowannensu ya yi, amma bai tsaya a kan marini ko majemi ko mai kaɗi ba, alhali kuwa da guminsu aka gina arzikin da sarakunan suka mallaka. Saboda haka za a ɗauki manomi da marini da majemi da maƙeri da falke da matan aure a matsayin misali. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, a ƙarni na 19 abubuwa uku ne suke tsara yinin mai sana'a, watau lokutan salla da yanayin shekara da kuma ɗabi'ar kayan aikinsa, sannan a ƙarni na 20 agogo da albashi suka shigo suka yi gogayya da su.

3.1 LOKACI A WURIN MAI SANA'A

Kafin yaɗuwar agogo, Bahaushe yana raba yini ne da tafiyar rana da kuma kiran salla. Akwai asuba, da hantsi, da walaha, da tsakar rana, da azahar, da la'asar, da magariba ko almuru, sannan lisha. Idan za a yi alkawari sai a ce "bayan la'asar" ko "da hantsi", kuma kowa ya san abin da ake nufi. Haka ita ma shekara an raba ta zuwa bazara da damina da kaka da rani, kuma a cikin rani ne ake samun hunturu.

Wannan rabo yana da muhimmanci ƙwarai wajen fahimtar sana'o'i, domin in ban da wasu mutanen cikin birni, kusan kowane mai sana'a manomi ne. Da damina ta sauka sai a rage saƙa da rini da jima a koma gona, in an yi kaka kuma a dawo musu gadan-gadan. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, amma ya nuna cewa a watannin rani baƙi da fatake sukan sa adadin ya kai wajen 60,000. Wannan ya nuna cewa rani shi ne lokacin sana'a da ciniki, damina kuwa ta noma ce.

3.2 MANOMI

Noma shi ake yi wa kirari da "na duƙe tsohon ciniki", kuma a kansa sauran sana'o'i suka dogara, domin auduga da baba da karan dafi duk daga gona suke fitowa. A ƙarni na 19 ana yin noma ne bisa tsarin gandu. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa, da bayinsa in yana da su, suna aiki a gona ɗaya, shi kuma ya ɗauki nauyin ciyar da su da biya musu kuɗin ƙasa da yi musu aure. Ban da gandu, kowane namiji baligi yana da 'yar gayaunarsa wadda amfaninta nasa ne.

Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa kuma aka buga a 1954, ya bayyana yadda yinin bayin rinji yake. Da sassafe sukan fara zuwa gayaunarsu, da hantsi ya yi sai su hallara a gandun ubangijinsu. Da tsakar rana a kai musu abinci gona, da azahar kuma su tashi, su huta, sannan su koma nasu aikin da yamma. Daga wannan bayani za a ga cewa an raba yinin bawa gida biyu, tsakiyar yini mai zafi ta ubangiji ce, sanyin safiya da na yamma nasa ne. Sarakunan Kano da manyan attajirai sun mallaki irin waɗannan gandaye a wurare kamar Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa. A cikin birni kuma akwai tsarin murgu, inda bawa yake fita ya yi sana'arsa ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu da aka yanka masa. Don haka ba daidai ba ne a yi bayanin arzikin Kano na wancan ƙarni ba tare da an ambaci aikin bayi ba.

3.3 MARINI DA MABUGI

Rini shi ne sana'ar da ta fi fitar da sunan Kano waje. Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ya ce ana kai su har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ta fi shahara a yau, amma binciken da Philip Shea ya kammala a 1975 ya nuna cewa mafi yawan rinin a garuruwan karkara ake yin sa, irin su Kura da Bunkure da Dal da Zarewa. Ya kuma nuna cewa amfani da laso wajen dalaye manyan ramuka, maimakon tukwane, ya rage tsadar aikin ya kuma ƙara yawansa.

Yinin marini yana bin halin da karofinsa yake ciki. Idan za a haɗa sabon rini, sai a cika ramin da ruwa, a zuba toka da katsi da baba, a rufe a bar shi ya ruɓa. Daga nan kullum safe da yamma sai a buga shi da muciya har ya yi kumfa ya nuna, abin da yakan ɗauki kwanaki. Marini ba shi da ikon gaggauta wannan, sai dai ya jira. Idan rini ya nuna, da an idar da sallar asuba sai ya fita karofi, ya buɗe murfi, ya zauna a bakin rami yana tsoma zane yana ɗagawa. Duk ɗagawar da ya yi iska takan bugi zanen, ya juye daga kore zuwa shuɗi, kuma yawan tsomawar shi yake kawo duhun launi. Yana buƙatar rana domin shanya, shi ya sa aikin ya fi ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar, kuma ya fi yawa da rani. In ƙarfin rinin ya ƙare sai a kwashe ramin, a cuccura abin da ya kwanta a ƙasa, a shanya, a ƙone. Wannan shi ne katsi, wanda ake mayarwa cikin sabon rini ko a haɗa laso da shi. Ana gane marini ko a masallaci ta hannuwansa da suka rine. Yana kuma biyan hukuma kuɗin karofi a kan kowane rami.

Daga karofi sai zane ya wuce wurin mabuga. Su kuwa suna zama ne a rumfa, biyu-biyu ko fiye suna fuskantar juna, da gungumen itace a tsakaninsu, suna bugun zanen da aka barbaɗa wa shuni har ya yi sheƙi. Ta haka ake samun rawanin ɗan Kura da turkuɗi da kore, waɗanda Buzaye suke saye da tsada. Kyaftin Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya lura cewa ana sa sunan dillali a cikin ƙunshin tufa, ta yadda in an kai shi Barno aka tarar da aibi za a iya dawo da shi. Wannan ya nuna akwai amana da tsari a cikin cinikin.

3.4 MAJEMI DA BADUKU

Yinin majemi yana farawa ne daga mahauta. Da sassafe ake yanka, saboda haka dole majemi ko yaronsa ya je ya karɓo fatu tun suna ɗanyu. Za a jiƙa fata a ruwan toka domin gashi ya saki, a kankare ta da kartaji, a sa ta a ruwan kashin kaji ko na tattabaru don ta yi laushi, sannan a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ce take jeme ta. Bayan haka a wanke, a shafa mai, a shanya. Kowane mataki yana da kwanakinsa, don haka majemi yakan haɗa fatu iri-iri a lokaci ɗaya, wasu suna toka, wasu suna bagaruwa, wasu suna kan igiya. Aiki ne na tsayuwa da sunkuyo cikin ruwa, ga kuma wari, shi ya sa ake kafa majema a gefen unguwa kusa da kududdufi, kamar yadda ake gani a Ƙofar Wambai.

Idan fata ta jemu sai a rina ta, ja da karan dafi, baƙi kuma da kuloko. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna ƙwarai, har ana ketare Sahara da ita, kuma a Turai aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Baduku shi ne mai sarrafa ta. Rayuwarsa ta bambanta da ta majemi, domin shi a zaune yake yini a zaure ko a rumfar kasuwa, da wuƙa da basilla, yana ɗinka takalma da kube da rigar laya da gafaka da kayan doki. Yana aiki yana hira, masu saye suna zuwa suna tafiya. Har yau akwai unguwar Dukawa a cikin birnin Kano.

3.5 MAƘERI

Ƙira tana cikin tsofaffin sana'o'in Kano. Bisa abin da aka gada na baka, Abagayawa, waɗanda suke cikin mazauna Dala na farko, maƙera ne da suka zo daga Gaya neman tama. Binciken tona ƙasa kuma ya gano alamar narkar da tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Maƙera iri biyu ne: na baƙi masu ƙera fartanya da garma da lauje da gatari da wuƙa da makamai, da kuma na fari masu aikin azurfa da tagulla, irin su mundaye da zobba.

Maƙerin baƙi yakan hura wuta tun da sanyin safiya, domin zafin wuta in ya haɗu da na rana aikin yakan yi tsanani. Kayan aikinsa su ne uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi da gawayi, musamman na ƙirya. Ba ya aiki shi kaɗai. Ƙaramin yaro shi ne ɗan zuga, wanda ya ɗan tasa ya riƙe masaba, maigida kuma yana juya ƙarfe yana fitar da siffa. Ta wannan hanya yaro yake koyon sana'ar daki-daki cikin shekaru, yana kuma zuwa makarantar allo da asuba da dare. Kasuwar maƙeri ta fi ci da bazara, lokacin da manoma suke shirin shuka, da kuma gab da kaka. A nan za a ga bambanci: lokacin da aikin marini yake ja da baya, a lokacin ne na maƙeri yake tashi. Maƙera kuma wurin zama ce, inda manoma suke jiran gyara suna musayar labari. Sarkin Maƙera shi ne wakilinsu a fada, kuma ta hannunsa ake tara su in sarki yana bukatar makamai ko mari ko ƙarafan ƙyamaren ƙofofi. Philip Jaggar ya yi nazarin maƙeran birnin Kano a littafinsa na 1994.

3.6 FALKE

Duk waɗanda aka ambata a baya a gida suke kwana. Falke kuwa yakan yi watanni, wani lokaci har kusan shekara, bai ga iyalinsa ba. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe fataucin goro, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980. Sukan tashi da kaka ko farkon rani da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su ketare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Yandi har Salga, inda suke sayen goron Asante. A 1826 Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama wanda ya ƙiyasta mutanensa da fiye da 1,000.

Ayari yana da shugabanni. Madugu shi ne uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana kula da biyan fito ga sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, ga kuma malami mai addu'a da rubutu. Tun kafin gari ya waye ake ɗaure kaya a ɗora wa jakuna da takarkari, 'yan alaro su ɗauki nasu a ka. Ana tafiya da sanyin safiya domin a isa zango kafin rana ta yi tsanani. A zango sai a sauke kaya, a kafa bukkoki, yara su kai dabbobi kiwo da shan ruwa, mata su ɗora girki, a kuma ci 'yar kasuwa da mutanen garin. Da dare a raba gadi saboda 'yan fashi. A hanyar dawowa akwai ƙarin aiki, domin goro yana son kulawa: dole a riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya lalace, ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye. Sakaci kaɗan yana iya cinye ribar tafiyar duka. In an iso gari, falke yakan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi masauki ya haɗa shi da dillali, shi kuma ya karɓi la'ada.

3.7 SANA'O'IN MATA

Ba a ganin matan aure a karofi ko a maƙera, amma ba don aikinsu ba da babu rini ko kaɗan, domin duk zaren da masaƙa suke saƙawa mata ne suke kaɗa shi. Mace takan fara yininta da salla da shara da ɗumame, sannan daka da surfe da niƙa, waɗanda suke cin sa'o'i masu yawa. Sai ta sami sarari da hantsi ko bayan azahar ko da dare a gaban fitila take ɗaukar auduga, ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari, tana shafa alli a yatsu. A gidan da ake da kishiyoyi, wadda ba ranar girkinta ba ita ta fi samun lokacin sana'a. Ta wannan fuska, rabon kwana shi ne yake tsara aikin mace kamar yadda damina da rani suke tsara na namiji.

Ban da kaɗi, mata suna yin fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da daddawa da man gyaɗa da kitso. Tun da kulle ya hana su fita, 'yan mata su ne ƙafarsu, suna kai talla suna sayo kayan haɗi. Abin da mace ta samu nata ne, miji ba shi da iko a kansa. Da shi take yin adashi da biki, take sayen akuya, take kuma tara wa 'yarta kayan ɗaki.

3.8 GADO DA MATSAYI

M. G. Smith ya nuna cewa Hausawa suna bambanta sana'ar da aka gada, watau karda, da wadda mutum ya shiga da kansa, watau shigege, kuma wanda ya gada ya fi daraja a idon abokan sana'arsa. Haka kuma sana'o'in kansu ba matsayinsu ɗaya ba. Sarauta da malanta da fatauci suna sama, noma da rini da saƙa da dukanci suna tsakiya, fawa da roƙo kuwa ana ajiye su a ƙasa ko da mai yin su yana da dukiya. Wannan ya shafi zaman unguwa da abota, musamman ma aure, domin sau da yawa 'yar maƙeri maƙeri take aura. Sai dai ƙofar ba a rufe take ruf ba. Agalawa da Tokarawa asalinsu bayin Buzaye ne, amma fatauci ya mayar da su manyan attajiran Kano.

3.9 SAUYE-SAUYE DAGA 1903

Turawan Ingila sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Abubuwa huɗu da suka biyo baya su ne suka fi taɓa rayuwar masu sana'a.

Na farko shi ne bauta. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris, 1901 ɗa ne, sannan a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. A hankali rinji ya watse, manomi ya koma dogaro da iyalinsa da 'yan ƙwadago.

Na biyu shi ne kuɗi. An kawar da wuri aka kawo sule da kwabo, kuma aka ce da su za a biya haraji. Wannan ya tilasta wa talaka neman abin da zai sayar wa kamfanonin Turawa, ko kuwa ya tafi cin rani.

Na uku shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911 aka kuma buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa rai auduga za a riƙa fitarwa, amma masaƙan gida suna sayen ta da farashin da ya fi nasu, sai manoma suka rungumi gyaɗa. Goro kuma ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko, daga nan jirgi ya kawo shi Kano, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, madugu da jagaba suka rasa aiki. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, misali ne na falken goro daga Agalawa da ya juya ya zama babban mai sayen gyaɗa. A lokaci guda kuma sababbin ayyuka suka ɓullo: leburan reluwe, da 'yan dako masu jera buhuna a dalar gyaɗa, da akawu da masinja da ma'aikatan En'e. Waɗannan su ne suka fara sanin aiki da ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, da hutun Lahadi, da jiran ƙarshen wata.

Na huɗu shi ne kayan kanti. Akoko da alawayyo da atamfa sun rage kasuwar saƙi, zaren masana'anta ya kashe kaɗi, wanda hakan ya raba mata da babbar hanyar samunsu. Shunin Bature, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ya sa ana iya yin rini a garwa cikin ɗan lokaci ba tare da jiran karofi ya nuna ba. Maƙera sun daina narkar da tama suka koma kan tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota, wasunsu kuma suka koma ƙirar akwati da bokiti da murhu. Ke nan ba duk sana'o'in ne suka mutu ba, waɗansu kayan aiki suka sauya suka ci gaba.

Daga shekarun 1950 aka fara kafa masana'antu a Bompai, daga baya kuma a Sharaɗa da Challawa. A nan ne tsohon tsarin lokaci da sabo suka yi karo a fili. Paul Lubeck, a littafinsa na 1986, ya nuna cewa da yawa daga cikin leburorin masana'antun Kano tsofaffin almajirai ne da manoma, kuma samun izinin yin salla a kan lokaci yana cikin abubuwan da suka jawo saɓani tsakaninsu da masu kamfani. Marini yana ajiye zane in ya ji kiran salla ba tare da ya tambayi kowa ba, amma mai tsaron inji sai helma ya yarda. Bugu da ƙari, lebura yakan so komawa ƙauye da damina, kamfani kuwa bai san damina ba.

Su ma masana'antun ba su dawwama ba. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da shigowar yadi mai araha daga Sin, sun durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a 1957, an rufe ta a 2002. Dubban ma'aikata suka koma acaɓa da ƙananan saye da sayarwa, kuma da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a 2013 sai da yawa suka koma tuƙin adaidaita sahu. A Ƙofar Mata akwai ramuka fiye da 100, amma kaɗan ne daga cikinsu ake rini a ciki.

3.10 KAMMALAWA

A wannan babi an ga cewa masu sana'o'in Kano na ƙarni na 19 ba zaman kara zube suke yi ba. Kowace sana'a tana da tsarin yininta, kuma sana'o'in suna sarƙe da juna: manomi ya noma auduga da baba, mace ta kaɗa, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga, dillali ya sayar, falke ya kai Gwanja ko Barno, maƙeri kuma ya ƙera wa manomin fartanya. Shi ya sa da kaɗi ya mutu, masaƙi da marini suka ji a jikinsu. An kuma ga cewa wannan arziki ya ginu a kan aikin bayi da na mata, waɗanda ba a cika ambatonsu ba.

Zuwan Turawa ya kawo agogo da albashi, ya 'yanta bawa, ya kuma gajarta tafiyar falke, amma ya raba mai sana'a da ikon da yake da shi a kan lokacinsa da kayan aikinsa. Duk da haka tsohon tsarin bai ɓace ba, domin har yanzu kasuwannin Kurmi da Kantin Kwari suna lafawa in an kira salla, kuma 'yan cin rani suna barin birni da saukar ruwan farko. Abin da yake cikin haɗari shi ne ilimin da ke cikin sana'o'in, kamar sanin lokacin da karofi ya nuna ko adadin bagaruwar da fata take bukata, domin ba a rubuce yake ba, a hannun dattawa yake. Akwai bukatar sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'inmu su himmatu wajen tattara shi tare da kalmominsa tun masu shi suna raye. A babi na gaba za a dubi kalmomi da karin maganganun da waɗannan sana'o'i suka bar wa harshen Hausa.